Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har murya ta dawo

Assalamu alaikum 'yan uwa da masoya.

Daren jiya a Maulidin unguwarmu na karɓi lasifika, rabona da ita wata 9. Da na ja baitin farko har ƙarshe da numfashi ɗaya, sai da na dakata na share hawaye. Alhamdu lillahi.

Kun yi ta tambayar ina na shige. Tarin fuka ne ya kwantar da ni. Da hunturu ya faro, na ɗauka ƙura ce, ina ta ɗirkar citta da kanumfari da zuma har sati 5, ga zufar dare, ga rama. Uwargida ce ta tasa ni gaba sai asibiti, aka gwada kaki, aka ce shi ne. Maganin kyauta ne, amma wata 6 cur, kullum da sassafe: wata 2 na farko haɗin magani 4, sauran watannin haɗin 2. Ita ke ƙirga ƙwayoyin, ita ke sa alama a kalanda. Allah Ya saka miki da Aljanna. Haka ma ma'aikaciyar jinyar da ta ja kunnena kada in ajiye magani don na ji sauƙi.

Tari ya tafi, murya ta ƙi dawowa. In na ɗauko baiti, kafin in kai rabi numfashi ya ƙare, abin da ke fita kuma dishi-dishi. Wannan ya fi ciwon kansa taɓa ni. Wani jami'i a sashen gashin ƙashi na asibitin ne ya zauna da ni: in kwanta rigingine, hannu a kan ciki, in ja iska ta hanci har cikin ya taso, kafaɗa ba ta motsa ba, sannan in sake ta a hankali. Ya sa ni hura bututun shan lemo cikin kwalba mai ɗan ruwa ina fitar da sauti, yara na kewaye da ni suna ƙyalƙyala dariya. Ya hana ni raɗa da yawan gyaran murya, ya ce suna ƙara wahalar da maƙogwaro. Shekara 20 ina bege, ashe da kafaɗa nake numfashi! Na gode, Malam.

Baba Malam, Allah Ya ƙara girma. Da na matsa zan je walima bayan Babbar Sallah kuka hana, na ji haushi a raina, yau ina neman afuwa.

Ƙanena da ya riƙe majalisi, duk mako yana kawo mini kasona har gida, bai taɓa zama a kan buzuna ba. 'Yan amshi kuwa, kada ku ɗauka ban lura ba: jiya kun sassauta kari, kuna tsawaita amshi don in samu in shaƙi iska. Allah Ya bar zumunci.

Waɗanda suka ja baya don tsoron ɗauka, ba komai, a farkon ciwon ni ma da haka zan yi.

Har yanzu muryar ba ta hawa sama kamar da. Masu gayyata ku yi mini uzuri: ƙasida 2 kawai zan riƙa yi a dare, kuma in hunturu ya shigo ba zan tsaya a fili cikin ƙura ba.