Kwana ɗaya da ya cinye mini wata uku

Har yau in na tuna ranar Juma'ar nan sai raina ya ɓaci. Ɗaurin auren ɗan ƙanin babana ne a Tudun Wada, ba yadda za a yi in ƙi zuwa, sai na roƙi dattijon da ke kula da ɓerayenmu na ɗakin bincike ya duba mini matan da na haɗa da maza. Ya duba, ya ga toshiyar barbara, alamar da daga ranar ganinta ake fara ƙirga kwanakin ciki, a jikin huɗu, ya rubuta Juma'a a katin keji. Ni kuwa da na shigo ranar Asabar, da baki ya gaya mini, na buɗe littafina na rubuta Asabar. Ban ko kalli katin ba.

Aikina a kan Sry ne, ƙwayar gadon nan da ke kan kuromosom Y, wadda a 1991 aka dasa wa ɓera mai XX, wato kuromosom na mace, a Landan ya fito namiji da maraina. Halinta na baƙon kirki ne, ba ta daɗewa. Tana tashi a kwana 10.5 na ciki, ta kai ƙololuwa a 11.5, kafin 12.5 ta miƙa wa Sox9, ƙwayar gadon da ke ci gaba da gina maraina, ragama ta yi shiru. Ko a ɓera mai XY, in ta makara da 'yan sa'o'i, Wnt4 da 'yan uwanta, ƙwayoyin gado na ɓangaren mace, sai su ja abin zuwa jakar ƙwai ta mace. Duk na haddace wannan, har a gaban aji na yi bayaninsa.

Ranar da na fiɗe 'yan tayin don in kama Sry a 11.5 bisa lissafin littafina, murna ma nake yi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, na duba gaɓoɓin haihuwarsu, ga wasu da zane-zane kamar saƙar tabarma da ɗan jan jijiya a gefe, ga wasu sumul. Na ware maza da mata cikin minti kaɗan, ina yaba wa idona. Alhali a 11.5 ba mai iya rarrabe su da ido. Zanen nan shi ne shaidar na makara, yana gabana ina kallo.

Sakamako ya fito: Sox9 fal, Sry babu ko alama. Na ɗora wa sinadarai laifi, na ɗora wa firji da ɗaukewar wuta, na sayi sabbin kayan gwaji da kuɗin da na ranta wurin yayata, na jira makonni kafin su iso. Aka maimaita, shiru. Har na fara raya wa kaina ko wani sabon abu na gano, kunya ta hana ni faɗi.

Malamata ce ta karɓi hotunan, ko minti biyu ba ta yi ba ta ɗago.

"Gaɓoɓin wutsiya nawa ka ƙirga?"

"Ban ƙirga ba, ranki ya daɗe."

Ta ce in wajen 18 ne to kana 11.5, waɗannan kuwa sun doshi 30. Ta aika a ɗauko katin keji. Dattijon ya kawo da kansa, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ai Juma'a na rubuta, ɗana."

Yanzu ko da kaina na ga toshiyar, ba na taɓa ɗan tayi sai na ƙirga wutsiya sau biyu. In kuma na ga jinsi ya fito fili a madubi, gabana ne ke faɗuwa. Kuɗin yaya ma saura rabi ban biya ba.