Abin da Taɓon Kalaba Ya Koya Mini Game da Zumuncin Itatuwa

Lokacin da aka kai mu aikin fili a bakin kogin Kuros Riba, kusa da Kalaba, na tafi da zaton cewa duk itatuwan da ake kira mangurob 'yan gida ɗaya ne, tunda dukkansu suna tsaye cikin taɓo da ruwan gishiri. Malaminmu bai gyara mini ba, sai dai ya umarce mu da mu cire takalma mu shiga, kuma mu duba saiwa kafin mu dubi ganye.

A gaɓar ruwa Rhizophora racemosa ce ta mamaye wurin, saiwoyinta suna saukowa daga jikinta suna tokare ta ta kowane ɓangare. 'Ya'yanta kan tsiro tun suna rataye a jikin uwar, su yi tsawo kamar ƙahon zogale, sannan su faɗo su kafe cikin taɓo ko ruwa ya tafi da su. Da muka matsa ciki sai muka tarar da Avicennia, wadda saiwoyinta ke ɓullowa sama tsaye kamar an shuka fensir, domin da su take shaƙar iskar da taɓon ba ya riƙewa. Na lashi ganyenta na ji gishiri, saboda ita ta ganye take fitar da shi, alhali Rhizophora tun daga saiwa take tace mafi yawansa.

A littafina na haɗa su gida guda bisa ga siffa da mazauni, kuma a nan na yi kuskure. Rhizophora tana cikin dangin Rhizophoraceae, Avicennia kuwa a yanzu ana lissafa ta cikin Acanthaceae. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Laguncularia, wata itaciyar mangurob ɗin, wadda danginta ɗaya da marke da sabarar da na taso ina gani a dajinmu, wato Combretaceae. Wahalar gishiri da taɓo ce ta sa baƙin juna suka ɗauki kama ɗaya.

Har kwakwar nifa, wadda gangar jikinta ke kwance ƙarƙashin taɓo, na rubuta a matsayin 'yar ƙasa, sai daga baya na gano cewa daga Singafo aka kawo ta Kalaba a 1906, kuma yanzu tana cinye wuraren da aka sare Rhizophora.