Na je kurmin Ghana ɗaukar talla

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu jakar kyamarata warin ruma take yi. Na shanya ta a rana sau biyu, uwargida ta turara ta da turaren wuta, warin ya ce yana nan daram.

Ta hannun wani abokina da ke zaune a Nima, cikin Accra, aikin ya zo. Wani Bafante ne da ya daɗe a Ingila ya dawo gida ya gina masauki, ɗakunan katako a bakin kurmin Kakum, kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast. Bidiyon talla yake so na minti ɗaya da rabi, wanda zai sa a Instagram da Facebook. Ni kuwa bikin aure da tallar shadda na saba ɗauka, amma wa zai ƙi? Muka hau mota daga Legas ni da yarona, don kuɗin jirgi da na kaya sai su cinye ladan aikin.

Iyaka uku ake ƙetarewa kafin Ghana. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya sa aka buɗe akwatin ƙaramin jirginmu na ɗaukar hoto daga sama. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya ce mu 'yan leƙen asiri ne. Na nuna masa takardar gayyata da ta izinin da mai masaukin ya aiko, ko kallo bai yi ba. Awa biyu muna tsaye a rana, shi yana zaune yana cin gyaɗa. Yarona ya raɗa mini, "Oga, ka ba shi na goro mana." Na ƙi. Da direbanmu ya fara barazanar tafiya ya bar mu, na bayar.

Nima ta wanke mini takaici. Ko'ina Hausa ake yi, sai dai Hausar Zango ce, mace ma "ya zo" ake ce mata. Da safe muka sha abin da mutanen Ghana kansu ke kira Hausa koko, da ƙosai, da rana kuma waakye, wato wake da shinkafarmu ce suka riƙe har da sunan. Amma ranar da na canji naira zuwa sidi sai da na sake ƙirgawa, na zaci an rage mini. Kwanon abinci ɗaya, in ka lissafa da kuɗinmu, ya ciyar da mutum uku a Fagge. Daga nan na hana kaina lissafi.

Da almuru muka isa masaukin, bayan cunkoson motoci a garin Kasoa ya cinye mana rabin yini. Aka kunna mana na'urar sanyaya ɗaki, muka yi barcin gajiya. Da sassafe hazo ya sauko kan bishiyoyi, fari fat, rana na ratsa shi zara-zara, irin hoton da mutum ke roƙon Allah ya ba shi. Na fito da kyamara a guje, na leƙa, ban ga komai ba. Gilashin ya yi gumi ciki da waje. Ƙarfen da ya kwana cikin sanyi, da ya haɗu da iska mai ɗumi da laima, dole raɓa ta kwanta masa. Ka goge, ta dawo. Kafin ya washe hazon ya tafi. Mu da muka saba yaƙi da ƙurar hunturu, ga mu muna yaƙi da ruwan da ba a gani. Tun daga ranar a baranda kayan aiki ke kwana cikin akwati, mu kuma muka haƙura da fanka.

Cikin kurmin ma wata makaranta ce. Da tsakar rana ka shiga, sai ka ce magariba ta kusa, don ganye ya rufe sama ruf. A Kano neman inuwa nake wa amarya, a nan haske nake farauta. Na ga rimi, amma rimin da saiwoyinsa suka tashi kamar katanga, mutum ya tsaya a tsakaninsu ya ɓace.

Sai gadar nan ta sama da ake zuwa Kakum dominta, wadda aka gina a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, an ɗaure su daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, a wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Faɗin katakon da ake takawa bai fi na mutum ɗaya ba, raga a dama, raga a hagu. Yarona, wanda a lokeshan ba ya tsoron kowa, ya kai tsakiya ya tsuguna yana salati, ya ce, "Oga, don girman Allah daina motsi." Ni ma gwiwata rawa take, na dai daure saboda girma. Sau uku muka maimaita ɗaukar don gadar ba ta tsayawa cak, kuma dole a gama kafin motocin 'yan makaranta su iso da ihunsu.

Rigimata da mai masaukin a kan giwa ce. Yana so a buɗe bidiyon da giwaye da damisa, ya ce a sauko da su daga intanet, kowa haka yake yi. Gaskiya ne akwai giwayen kurmi a Kakum, amma ɗan jagoranmu ya ce shi kansa sawunsu da kashinsu ya fi gani. Na ce, "Yallaɓai, wanda ya biya kuɗi don giwa ya zo bai gani ba, a ƙarƙashin bidiyon nan zai zo ya zage ka." Ya ɓata rai. Na roƙe shi abu ɗaya, a kashe janareta ƙarfe huɗu na asuba. Na kafa makirfo a baranda na bar shi. Da gari ya waye na sa masa abin saurare a kunne: gyare, kwaɗi, ɗigar ruwa daga ganye zuwa ganye, can nesa wani tsuntsu na ƙara kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ya rufe ido bai ce komai ba har aka gama. Da wannan sautin muka buɗe tallar, babu kiɗa sai an yi daƙiƙa goma, sannan hazo, sannan hannun wata ma'aikaciya na ajiye shayi a kan tebur yana tururi.

Mai dafa abincin masaukin wata dattijuwa ce 'yar Zango, ta ce kakanta daga Katsina ya zo fatauci bai koma ba. Da ta ji daga Kano muke sai ta ce, "'Ya'yana, ku bar wannan abincin Turawa." Kullum da dare sai ta aiko mana tuwo da miyar ayoyo daga tukunyarta, ko sisi ta ƙi karɓa. Ita ce ta ja ni bayan gari ta nuna mini bishiyar goro. Shekara nawa ina wuce Mariri ina ganin huhun goro, ina jin labarin fatake da jakunansu zuwa Gwanja, ban taɓa tambayar kaina a jikin me yake fitowa ba. Ashe cikin wani ƙwanso yake, kore, mai ƙuraje. Ta fasa da wuƙa, ga 'ya'ya a jere, kowanne cikin farar riga, ta ɓare ɗaya ya fito ja wur. Na manta ma ban kunna kyamara ba.

Mun leƙa tsohon gidan bayi na Cape Coast, ban iya ɗaukar komai a can ba. A Yamoransa muka sayi dokunun Fante a ganye, yarona ya ce tsami ya yi masa yawa. Dawowa ba wani labari, sai barci da shingayen hanya.

Na aika wa mai masaukin bidiyon shekaranjiya. Ya ce ya yi kyau ƙwarai, ya kuma tambaya ko za a iya saka giwa ɗaya tak a ƙarshe. Cikon kuɗina dai bai shigo ba tukuna. Ƙwanson goro biyu da dattijuwar nan ta ba ni na kai wa Baba. Ya juya su a hannu ya daɗe yana kallo, ya gutsiri ɗaya, ya ce ɗanye ne, a naɗe masa sauran a ganye su kwana biyu.