Kafin Ka Hana Karyarka Haihuwa

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, kare ma'aikaci ne, domin shi ke gadin garke da rumbu, shi ne kuma ke bin mafarauta daji idan rani ya yi. Sai dai karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta bai wuce kwana 63 ko kusa da haka ba, kuma a haihuwa ɗaya takan zubo 'yan kwikwiyo shida ko fiye. Magidancin da ke fama da abincin iyalinsa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, shi ya sa ake neman hanyar tsayar da haihuwar, kuma a nan ne ake cutar da dabbar ba da gangan ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar tazarar haihuwa ta mata, wadda wasu ke saya a kemis su yi wa karya. Tabbas tana hana ta neman barbara, amma sinadarin da ke cikinta yana kaurara bangon mahaifar karya har ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, mahaifar ta cika da mugunya. Sai ka ga karyar da ke tarar ka tun daga ƙofar gida ta kwanta a gindin rumbu, ta ƙi tuwo, tana ta shan ruwa, cikinta ya kumbura, wani lokaci kuma ruwa mai wari yana fita ta bayanta. Idan ba a yi mata tiyata cikin gaggawa ba, sau da yawa mutuwa take yi. Allurar tana kuma iya jawo mata ƙari a nono da ciwon suga.

Namijin ma bai tsira ba, tunda akwai masu yi masa dandaƙa ko su ɗaure masa roba irin yadda ake yi wa bunsuru. Wannan azaba ce tsantsa, kuma kare yakan yi ta lasar wurin har ya ruɓe.

Fiɗiyar da likitan dabbobi ke yi bayan ya sa dabbar barci daban take. Idan aka cire wa karya mahaifa da ƙwayayen haihuwa, ta rabu da ruɓar mahaifa har abada, kuma idan an yi da wuri haɗarin kansar nono yana raguwa ƙwarai. Namijin da aka yi wa fiɗiya yakan rage yawon bin karya, wanda ta nan yake ɗauko wani ƙari mai zubar da jini a al'aura da ke yaɗuwa ta barbara. Amma ba zan ɓoye illolinta ba: kare yakan yi ƙiba idan ba a rage masa abinci ba, wasu karyoyin sukan riƙa ɗigar fitsari, kuma binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis a 2013 ya nuna cewa yi wa wani jinsin manyan karnuka fiɗiya kafin shekara ɗaya yana ƙara musu ciwon gaɓoɓi. Don haka a ganina mafarauci ya bari ƙashin karensa ya ƙosa, ya kuma nemi shawarar likita kan lokacin da ya dace.

A Turai ana dasa wa namiji wani ɗan magani mai suna Suprelorin a ƙarƙashin fata, wanda ke tsayar da haihuwarsa wata 6 ko 12, sai dai ya fi ƙarfin aljihun mutumin karkara. Abin da ke hannunmu shi ne kulle. Da zarar ka ga gaban karyarka ya kumbura jini yana ɗiga, ka sa ta a ɗaki mai ƙofa, ba zagayen kara ba, domin karnuka haurawa suke yi, ka ba ta ruwa da abinci har mako uku zuwa huɗu su cika. Kulle yana hana ciki, amma ba ya kare ta daga ruɓar mahaifa idan ta manyanta, saboda haka duk wanda ya zaɓe shi ya riƙa lura da ita sosai a watanni biyun da ke biyo bayan kowane lokacin barbara.