Tarihin Rayuwar Annabi Musa, Kashi na 4: Ranar da Ya Tambayi Sunan Allah

Makon jiya mun bar Musa a ƙasar Madayana, ya auri Ziffora, yana kiwon garken surukinsa Yetro. Shekara 40 ya yi a can, har ya cika 80 da haihuwa. Ran nan ya kora tumakin ya nausa jeji har Dutsen Horeb, sai ga kurmi yana ci da wuta amma ya ƙi ƙonewa. Labarin yana Fitowa sura 3.

Daga cikin wutar aka kira shi, aka ce ya tuɓe takalmansa, aka aike shi wurin Fir'auna. Uzuri biyar Musa ya kawo. Na biyun shi ne namu na yau: in Isra'ilawa suka tambayi sunan wanda ya aiko shi, me zai ce musu? Ba tambayar banza ba ce, domin a Masar ya tashi, inda Ra da Osiris da sauran gumaka kowanne ke da sunansa da aikinsa.

A aya ta 14 Allah ya amsa da "Ni ne", a ta 15 kuma ya ba da sunan kansa: baƙaƙe huɗu na Ibrananci, yod, he, waw, he, waɗanda yawancin masana ke karantawa Yahweh. Masu wa'azi sukan tsaya a kan cewa Allah ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, babu wanda ya yi shi. Gaskiya ne. Amma a ganina wanda ya tsallake aya ta 12 ya bar rabin ma'anar. A aya ta 11 Musa ya ce shi wane ne da zai tunkari Fir'auna, a ta 12 Allah ya ce zai kasance tare da shi, da kalmar nan ɗaya da ta dawo a aya ta 14. Ashe sunan alkawari ne ga bayin da ke buga tubali: yana nan, ya ji kukansu.

Sunan ya fito wajen sau 6,800 a Tsohon Alkawari, amma Yahudawa sun daina furta shi saboda girmamawa, suna cewa Adonai, wato Ubangiji. Da malaman Masora, wato marubutan Yahudawa masu kwafar Nassi, suka sa wa rubutun wasula, sai suka ɗora wasulan Adonai a kan baƙaƙen nan don tunatar da mai karatu. Daga baya wasu a Turai suka haɗa baƙaƙen da wasulan aro suka karanta tare, daga nan aka sami Yehoba. Mai koyar da Zabura 110:1, inda aka ce "Ubangiji ya ce wa Ubangijina", ya lura: Ubangiji na farko sunan nan ne, na biyu kalmar maigida ce.

Shi ya sa Kirista ba ya karanta Yohanna 8:58 da gaggawa. Yesu ya ce kafin Ibrahim ya kasance, "Ni ne", jama'a suka ɗebi duwatsu. Sunan Yesu ma daga Yoshuwa yake, wato Yahweh yana ceto, dalilin sunan da mala'ika ya ba Yusufu mijin Maryamu ke nan a Matiyu 1:21.

Mako mai zuwa Musa da Haruna za su shiga fada, Fir'auna zai ce bai san wannan suna ba, zai kuma hana wa masu tubali ciyawa.