Kwanon Teyze

Ranar 10 ga Muharram ce, ina zaune a ɗakinmu a Esenyurt ina ta kallon hotunan cika-ciki da ƙanwata ta turo daga gida, sai na ji ana buga ƙofa. Tsohuwar da ke ƙasanmu ce, Teyze nake ce mata kamar yadda kowa yake ce wa dattijuwa a nan Istanbul, ta miƙo min kwano. Ashure. Alkama ce aka dafa ta yi luguf da farin wake da nohut, wani wakensu mai kama da gurjiya, an zuba suga da zabibi da busasshen ɓaure, a sama ga rumman ga kirfa. Suna cewa abincin da Annabi Nuhu (AS) ya haɗa ne da ragowar guzurin jirgi. Wallahi sai da na yi hawaye, wata bakwai ina ƙasar nan ba wanda ya taɓa aiko min da ko ruwa.

To mu ai ba a mayar da kwano haka nan. Washegari tun da safe na tuƙa tuwo da irmik, shi ne semo ɗinsu, na kaɗa miyar kuka da daddawar da Umma ta ƙulle min a leda uku ta ba wata 'yar kasuwa mai saro kaya a Laleli ta taho min da ita, daddawar da nake gutsura kaɗan kaɗan kamar magani, na zuba man shanu na sa naman rago har da yaji a gefe. Ta karɓa tana murmushi. Da yamma na sauka zubar da shara na ga tuwona a cikin leda a bakin ƙofarta, malmala biyu ko taɓawa ba a yi ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba dole ba ne ki ci, amma da kin dawo min da abina, kin san nisan da kukar nan ta yi kafin ta zo?

Sati biyu ban sauka ba. Ita ta hau da kanta ta ja ni kicin ɗinta ta koya min miyar adas, mercimek suke cewa. Jan adas kofi ɗaya, albasa, karas da dankali ɗaya ɗaya, a soya su da cokalin tumatirin gwangwani, ruwa kofi biyar, minti 25 ya nuna sai a markaɗa. A narka man shanu da busasshen na'ana'a da jan barkononsu a kwarara a kai, a matsa lemon tsami. Yanzu na iya ta sosai, mai gidana ma ya ce tawa ta fi ta gidan abinci. Maganar tuwo kuwa ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Umma ban faɗa mata ba. Ita da take tashi tun asuba ranar cika-ciki ta dafa tukunya guda ta raba wa duk layinmu, almajirai ma sai sun ture. Bana ƙafa ta hana ta tsayuwa, ƙanwata ce ta yi girkin ita tana daga kan tabarma tana ba da umarni. Da muka yi waya ta tambaye ni ko maƙwabta sun ji daɗin kukar, na ce mata Umma netwok ba kyau, zan sake kira.