Ƙyallen da muka ɗinka wa mamatanmu

Yayata ta rasu a daminar 2003 tana da shekara 29. A gidanmu har gobe "doguwar jinya" ake cewa. Duk ƙauyen an san kanjamau ce, amma babu bakin da ya furta. Kwanon cin abincinta ma ware mata aka yi, ni nake wanke shi. A 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin cutar kyauta. Shekara uku kacal tsakani, kuma wannan lissafin bai taɓa barin zuciyata ba.

Ɗinki nake yi a cikin gida, a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Bara ƙanena da ke karatun aikin lafiya a Kano ya nuna mini hoto a waya: wani makeken bargo da mutanen Amurka suka ɗinka don tunawa da waɗanda cutar ta kashe. Wani mutumin San Faransisko mai suna Cleve Jones ne ya kawo shawarar, aka fara shimfiɗa shi a birnin Washinton a watan Oktoban 1987 da ƙyalle 1,920. Kowane ƙyalle tsawonsa ƙafa shida, faɗinsa ƙafa uku, wato awon kabari, ga sunan mamaci a jiki. Abin da ya kama ni shi ne ba gunki ba ne, ba gini ba ne. Allura ce da zare, aikin hannuna.

Sai na yi gaggawa. Na ɗauki littafi da biro na shiga gidaje ina neman sunaye. A gida na uku wata tsohuwa ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, tonon silili kika zo yi mini? Ɗana shawara ce ta kashe shi. Ga 'ya'yansa mata biyu ko aure ba su yi ba." Da kuka na koma gida. Gaskiyarta ce. A wurinmu sunan da ka rubuta ba a kan mamaci yake sauka ba, a kan marayunsa yake sauka, da matar da ya bari, da wanda zai zo neman aure gobe.

Na sa mahaifina ya raka ni wurin liman. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mu dubi maƙabartarmu, tsingaro ne da guntun ice a kan kowa, babu suna, amma mai mamaci bai taɓa ɓatan nasa ba. Ya ja kunnena cewa tufafin mamaci gado ne, ba a yanka ko ɗan yatsa ɗaya sai da yardar magada, kada kuma a zana mai rai, kada a mayar da abin wurin neman tabarraki. Na ce, "Allah gafarta Malam, in babu suna fa?" Ya ce to a haɗa da sadaka.

Haka muka yi. Kowane gidan da ya yarda ya ba da ƙyalle kamar tafin hannu biyu daga kayan mamacinsa, mai shi kaɗai ya san nasa. Da dare ake kawo mini, a ƙunshe cikin mayafi. Wata huɗu ina tarawa na sami guda 23: atamfa, shadda, bakin hula, da wani ɗan zanen goyo na jaririn da bai kai yaye ba ya bi uwarsa. Wannan ban iya sa shi a keke ba, da hannu na ɗinka shi. Na Yaya kuwa zanen da ta ɗaura ranar sunan ɗanta na fari ne, kore mai ganye-ganye. Da farko alawayyo na saya don yin shafi, Inna ta ce ba ta son ganin likkafani sau biyu. Ƙanena ya kawo mana baƙin rini daga marinar Ƙofar Mata.

Ranar 1 ga Disamba, ranar da duniya ta ware wa wannan cuta tun 1988, muka shimfiɗa bargonmu a filin firamare bayan la'asar. Liman ya yi addu'a. Mata suka riƙa zagayawa shiru, kowa idonta na neman nata, ba ta nunawa da hannu. Na ga Inna ta tsaya a kan koren nan, ta gyara lulluɓi, ta wuce.

Abu biyu ba su tafi daidai ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ta zo da kayan gwaji, a bainar jama'a muka kafa mata tebur, ba wanda ya matso sai da muka mayar da ita cikin aji, tana haɗawa da awon hawan jini. Sannan darbejiya 23 da muka dasa sadaka, cikin hunturu muka dasa su, iska da awaki suka gama da fiye da rabi. Sai da ruwa ya sauka muka sake, muka kewaye kowace da ƙaya.

Tsohuwar nan ba ta zo filin ba. Bayan sati biyu jikarta ta yi mini sallama da magariba, ta miƙo mini tsohuwar hula zanna da ta sha wanki. Ta ce, "Gwaggo, Kaka ta ce ki ɗinka ta daga gefe, wajen da ake naɗewa."